Akwatin Linjilar Ammu Tadrus

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da wani mutum mai gilashi da jakar hannu ya shigo caji ofis na garin Ummu Haraza, yana share gumi da hankici. Ko zama bai yi ba.

"Na zo buɗe balagi," ya ce da Larabci, wato shigar da ƙara. "An yi sata a gidan tarihin kanisa."

Kofur Osman, wanda ke bayan kanta yana kurɓar shayi, bai ko ajiye kofin ba. "Wace kanisa? Wadda tantabaru suka gaje? Me ke cikinta da ɓarawo zai wahalar da kansa?"

Sufeto Saifuddeen Audi ya jiyo su daga ɗakinsa, ya fito yana saka maɓallin riga.

"Osman, ajiye kofin nan ka ɗauki bayani."

"Hadir, Janabu," in ji Osman, wato "To, ranka ya daɗe."

Mutumin ya ce sunansa Ustaz Milad, wakili ne na majalisar kanisar Kibɗawa, daga birni aka aiko shi. Kibɗawa su ne Kiristocin nan da kakanninsu suka gangaro daga Masar, suka zauna a garuruwan bakin kogi suna aikin akawu da tireda tun zamanin da auduga ke da daraja a wannan yanki na Jazira. A da gidajensu sun cika layi guda a Ummu Haraza. Sannu a hankali suka yi ta tafiya, yaƙi ya zo ya kwashe ragowar. Yanzu mutum ɗaya ya rage, wani tsoho mai suna Tadrus, shi ke tsaron ɗakunan da aka tara kayan tarihinsu a bayan kanisa.

"Majalisa ta yanke a kwashe kayan a kai inda za a iya tsare su," in ji Milad. "Babbar mota na tafe. Shi kuma tsohon zai wuce wurin 'yarsa a Masar. Na zo haɗa kaya sai na tarar babu akwatin Linjila. Azurfa ce zalla, aikin hannu, ta girmi kakana."

"An fasa ƙofa?"

"Ba a fasa komai ba. Makulli ɗaya ne, kuma a hannun mutum ɗaya yake." Milad ya gyara zaman gilashinsa. "Ba na son faɗa, Janabu, amma tsohon da ke shirin tafiya yana neman guzuri. In akwatin bai fito ba, ina so a tsare shi."

Sufeto ya san Ammu Tadrus, wato Baffa Tadrus, tun yana yaro, lokacin da sukan bi ta ƙofar kanisa daga unguwar Hausawa zuwa bakin kogi, tsohon ya miƙo musu dabino ta saman katanga. Idan aka rufe wannan mutumin, to abin da zai isa wurin 'yarsa kafin shi, shi ne sunan ɓarawo.

Ya ɗauki hularsa. "Osman, tayar da mota."

Gidan tarihin ɗakuna biyu ne na jan bulo, da wani ɗan ɗaki a gefe inda tsohon ke kwana. A tsakar gidan akwai babbar bishiyar dogon yaro. Babu motsin kowa sai kukan tantabaru.

Ammu Tadrus ya tarbe su a bakin ƙofa, dogo ne siriri, da ɗan gicciye shuɗi a zane a cikin wuyan hannunsa. Ya yi wa Sufeto magana da Hausa, irin ta tsofaffin unguwa, mai ƙamshin Sakkwato.

"Ɗan Audi, kai ne da kanka? Shigo. Wanga abu bai kai a taso ka ba."

A ciki komai fes yake. Ga hotunan waliyyansu da aka zana a kan katako, fuskokinsu sun yi duhu saboda hayaƙin turare na shekaru. Ga rigunan limamansu masu zaren zinariya, ga hatimin katako da ake buga wa gurasar ibada, ga ƙaramar ƙararrawa da ta tsage. A bango an jera hotunan biki da na 'yan makaranta. Duk wanda ke cikin hotunan nan ko ya mutu ko ya yi hijira.

Milad ya nuna wani teburi mai rufin gilashi. A kan jan ƙyallen da ke ciki, shatin akwatin na nan, wurin ya fi sauran ƙyallen ja.

"Littafin fa?" in ji Sufeto. "Shi ma an ɗauke?"

"Abin mamakin ke nan. Ga shi can," in ji Milad.

Can saman kabad, inda ya fi ko'ina tsayi a ɗakin, an ajiye wani ƙunshi. Sufeto ya taka kujera ya sauko da shi. Linjila ce rubutun hannu da Larabci, ɗinkinta ya daɗe da lalacewa, takardun a warware suke. An jera su tsaf, an matse su tsakanin marfin fata guda biyu, an naɗe da igiyar fata, an soke farin wurin nan na kuɗin da, wanda ke bakin igiyar, a ƙarƙashin naɗin.

Ya san abin nan kamar yadda ya san hannunsa. Tadarishi ne, wato marfin da malaman Hausawa ke matse Alƙur'ani mai warwararrun takardu a ciki.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni," in ji Tadrus da sauri.

Milad ya tafa hannu. "Ka ji, Janabu! Ya ɗaure littafin, ke nan shi ya buɗe akwatin."

Sufeto ya zare wurin, ya warware igiyar gaba ɗaya, ya miƙa wa tsohon. "Ammu, mayar mini da shi yadda yake."

Tadrus ya karɓa. Ya zagaya igiyar a tsaye, ya zagaya ta a kwance kamar mai ɗaure kwalin tafiya, ya ƙulle bakin da ƙulli biyu. Wurin ya tsaya yana lilo, bai san inda zai sa shi ba.

"Tsufa," ya ce. "Na mance yadda na yi."

"Ina kake ajiye makulli?"

"A wuyana. Ba na cire shi."

"Ko da kana barcin rana?"

Tsohon ya dubi ƙasa. "Nakan rataye shi a ƙusar bakin gado. Zafi."

"Wa ke shigowa gidan nan?"

"Babu kowa, ɗana. Wa ya rage da zai shigo? Ni na ɗauka, na sayar wa wani baƙo a kasuwar Rufa'a. Rubuta haka mu huta."

"Wane baƙo? Yaya kamanninsa?"

"Baƙo dai."

Sufeto ya juya wurin Milad. "Ustaz, ka ba ni zuwa la'asar."

"Mutum ya amsa laifi da bakinsa!"

"Ya amsa, amma ƙarya yake yi. Zuwa la'asar."

Ya sa ƙunshin a hammata ya fito tsakar gida. Wata mata mai matsakaicin shekaru tana wanke kwanuka a gindin tulu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Barakatu ce, 'yar unguwar Hausawa, ita ke yi wa tsohon shara da girki.

"Sannu da aiki, Inna Barakatu."

"Yauwa, Janabu. Ya gida? Ya su Ilham, suna Kasala har yanzu?"

"Suna can." Bai so a taɓo zancen matarsa da yaransa, waɗanda ya rabu da gani tun da aka dawo da shi aiki nan, yana kwana shi kaɗai a ɗakin bayan caji ofis. "Wa ke zuwa wurin Ammu?"

"Ni dai ban ga kowa ba. In na yi shara na dafa masa abinci, sai in kama hanyata."

Sufeto ya tsuguna kusa da tiren da take wankewa. Tulun jabana na ƙasa, wanda ake dafa gahawa a ciki, da finjali guda biyu. Ɗaya da guntun gahawa a gindi, ɗayan a bushe ƙayau.

"Mutum ɗaya, finjali biyu?"

"Al'adarsa ce. Kullum biyu yake fiddawa."

"Na biyun na wane ne?"

Ta ci gaba da cuɗa tukunya kamar ba ta ji ba.

Ya miƙe ya nufi gindin dogon yaro. Kujeru biyu na igiya suna fuskantar juna, a tsakaninsu an haƙa gurabun dara a cikin yashi. Gurabun sun cika da busasshen ganye. An kwana biyu ba a taɓa su ba.

"Inna, mutum ba ya dara shi kaɗai."

"Janabu, ni mace ce, ba ruwana da wasan maza."

"To bari in gaya miki abin da ya shafe ki. Yau da la'asar zan sa wa Ammu Tadrus ankwa. Ke kika fi kowa sanin ko ƙashinsa zai jure kwanan siminti."

Barakatu ta saki tukunyar. Ta share hannu da bakin zane, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Wallahi ban ga kowa ya ɗauki komai ba. Abin da na sani, tun ran da aka ce mota na zuwa, Malam Salihu ya zo sau ɗaya da tsakar rana, Ammu na barci, bai sake zuwa ba. Shi kuwa Ammu kullum sai ya fidda finjalinsa ya zauna yana kallon ƙofa. Don Allah kada ka ce ni na faɗa. A unguwar nan zan kwana."

Sufeto ya san sunan sarai. Malam Salihu shi ya fara ɗora masa alƙalami a kan allo. Abokin mahaifinsa ne, shi ya yi wa mahaifin nasa wanka ranar da ya rasu.

Ya ce wa Osman ya jira a mota, ya gangara unguwar Hausawa da ƙafa.

Hanyar ta bi gefen tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonakin noman rani. Rabin gonakin a bushe suke, samari duk sun watse neman abinci. A inuwar masallaci ya tarar da dattawa zaune a kan tabarma, da Shehu Alamin, mai unguwa, a tsakiyarsu. Da suka hango kakin, hirar ta mutu. Haka suke yi masa tun da ya dawo. A wurin abokan aikinsa shi Bahaushe ne, a wurin Hausawa shi hukuma ne.

Ya cire takalmi ya gaishe su. Idon Shehu Alamin ya sauka a kan ƙunshin da ke hammatarsa, ya ɗauke da sauri.

"Baba Shehu, ka san tadarishin nan?"

"Tadarishi ai duk kamarsu ɗaya."

"Malamai nawa suka rage a unguwar nan masu karatu da warwararren Alƙur'ani? Kowa ya koma na ɗab'i."

Shehu ya ja carbi. "Saifu, zauna in gaya maka magana ta manya. Wanga abu kayan Nasara ne. Mutumin nan tafiya zai yi, ya bar ƙasar ma baki ɗaya. In an ce shi ya ɗauka, mi zai rage shi da shi? Gobe ba wanda zai tuna. Amma namu, in ya ji kunya, mu duka mun ji. Rufin asiri ya fi."

Sauran dattawan suka gyaɗa kai.

Abin da ke kashe mu ke nan, in ji Sufeto a ransa. Mutum ya san gaskiya, ya naɗe ta a rawani ya zauna a kanta, ya kira wannan dattaku. Sufeto ya ji zuciyarsa na tafasa, har Hausarsa ta fara gauraya da Larabci.

"Ke nan kun sani. Dukanku kun sani, kuna zaune a inuwar masallaci kuna jiran a rufe marar laifi. Lokacin da aka hana mu ruwan famfo a unguwar nan, rijiyar wa matanku suka yi ta ɗiba? Da ake neman mai karanta muku takardun gona, ƙofar wa kuke bugawa? Ran nan ba Nasara ba ne, sai yau?"

"Yaro, da iyayenka kake magana."

"Na sani, Baba. Shi ya sa nake jin kunyar."

Ya saka takalminsa ya wuce. Babu wanda ya ce masa a sauka lafiya.

Gidan Malam Salihu na ƙarshen unguwa, daga shi sai gonaki. A da ƙofar gidan nan ba ta rabo da hayaniyar masu karatu. Yanzu matarsa Hadizatu ta rasu, 'ya'yansa maza suna Saudiyya, 'yarsa na aure a Abu Hujar. Allunan da suka rage an jingine su a bango, gara ta fara cin gindinsu.

Sufeto ya yi sallama. Aka amsa daga zaure.

Malam na zaune a kan buzu, ƙaramin tsoho mai farin gemu, ya rame fiye da yadda Sufeto ya san shi. A gabansa akwai Alƙur'aninsa. An matse takardun tsakanin kwali biyu na sabulu, an ɗaure da tsumman da aka yago daga bakin rawani.

"Saifu. Ka tuna da mu yau."

Sufeto ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba tun yana ƙarami. Sai da suka gama gaisuwa tsaf sannan ya ce, "Malam, ina tadarishinka?"

"Gara ta cinye. Na yar."

"Yaushe rabonka da gidan Ammu Tadrus?"

"An jima. Ƙafa ta hana ni."

"Ƙafar da ke kai ka masallaci sau biyar? Gidansa ai bai kai masallaci nisa ba."

"Tambaya kaka yi mini ko tuhuma?"

Sufeto ya ciro ƙunshin daga hammata ya ajiye a kan buzun, a hankali. Ƙullin da Tadrus ya yi na nan, a karkace, wurin na lilo.

Malam Salihu ya dube shi. Fuskarsa ta yamutse. Kafin ya san abin da yake yi, hannunsa ya kai, ya kwance ƙullin, ya daidaita bakin takardun da tafin hannu, ya zagaya igiyar, ya soke wurin a ƙarƙashin naɗin. Sai da ya gama ya ga abin da ya yi. Ya janye hannun ya ɗora a cinya.

"Wa ya yi wanga ƙulli na banza?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ammu Tadrus. Ya ce shi ya ɗaure tun farko. Ya ce shi ya saci akwatin ya sayar a Rufa'a."

"Shi ya faɗi haka?"

"Da bakinsa, a gaban wakilin kanisarsu. Ya gane tadarishinka tun ran da ya gan shi, Malam. Shekara nawa yana ganinsa a jakarka? Yau da la'asar za a rufe shi."

Can waje wata akuya na kuka.

Malam ya miƙa hannu ya nuna rufin zaure. Sufeto ya tashi ya laluba tsakanin azara, ya jawo wani abu mai nauyi da aka naɗe da farin yadi sabo. Ya san yadin. Likkafanin da Malam ya sayo daga Makka ne, wanda yake ajiye wa ranar tafiyarsa. Ya buɗe. Azurfar ta yi ƙyalli a cikin duhun zauren, da gicciye a tsakiya da rubutu a kewaye. Ko ƙwarzane babu.

"Ba ni da ƙyalle mai tsarki da ya fi shi," in ji Malam.

Sufeto ya koma ya zauna. "Gaya mini."

"Mi zan gaya maka? Duk waɗanda muka taso tare suna maƙabarta. Ubanka ya tafi. Hadizatu ta tafi ta bar ni da gidan ga. Wanda ya rage da zan ce masa, ka tuna kaza, ya ce na tuna, shi ɗaya ne. In la'asar ta yi in tafi, mu sha jabana, mu yi dara, ya zambace ni in zambace shi. Ya ce mini arne, in ce masa arne. Sai ran nan ya ce mota na zuwa."

"Sai ka shiga ka ɗauka."

"Ya taɓa ce mini ba shi barin garin ga sai ya miƙa amanar mutanensa cif, ko allura ba ta ɓace ba. Sai Shaiɗan ya ce mini, to in abu guda ya ɓace fa? Zai zauna nema. Ko wata guda ne, ko damina guda. Na tafi yana barci na zare makulli."

"Me ya sa ba ka tafi da littafin ba?"

Malam ya dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Kullum da safe yana karanta shi. In raba mutum da karatunsa? Na buɗe akwatin in fidda shi, sai takardun suka zube ƙasa. Na duba, ga sunan Allah a kowane layi, ga sunan Annabi Isa, ga na Nana Maryamu. Saifu, ni na koya maka. Ana barin sunan Allah a ƙasa? Na tsince su ɗaya-ɗaya. Babu abin matsewa, sai na cire na Alƙur'anina. Na ɗora sama inda ƙafa ba ta kai."

Sufeto ya tuna tsohon da ke fidda finjali yana kallon ƙofa.

"Ka ji tsoron takarda ta taɓa ƙasa, Malam, amma ka bar mutum a ƙasa. Ka san wakilinsu ya zo. Ka san abin da ake faɗi a gari. Unguwa duka ta sani, ta rufa maka, kai kuma ka zauna a zaure. Ɗaukar akwatin kuskure ne. Shirun nan fa, me sunansa?"

Malam Salihu bai kare kansa ba. Hawaye suka gangaro suka shige cikin gemu.

"Kullum sai in ce gobe zan mayar. In na tashi, sai kunya ta kama ƙafata."

"Tashi mu tafi. An buɗe balagi, ba ni da ikon rufe shi."

"Na sani. Ba ni sandata."

Suka fito tare, Sufeto riƙe da akwatin da littafin, Malam na dogara sanda. Dattawan masallaci suka bi su da ido, babu wanda ya tashi.

La'asar ta yi lokacin da suka isa gidan tarihin. Milad na tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, Osman na jingine da mota. Sufeto ya miƙa wa Milad akwatin.

"Duba kayanka, Ustaz. Wanda ya ɗauka ga shi, ya amsa. Ammu Tadrus ba shi da hannu. Kuma ina so ka faɗi haka a gabansa, da irin muryar da ka kira shi ɓarawo."

Milad ya jujjuya akwatin, kunnuwansa suka yi ja. "Ammu, ka yafe mini. Na yi gaggawa."

Tadrus ko kallonsa bai yi ba. Ya tako a hankali har gaban Malam Salihu. Tsofaffin biyu suka tsaya suna duban juna.

"Tsohon banza," in ji Tadrus. "Ɓarawon da ke barin kayansa a wurin sata. Ko sata ba ka iya ba."

"Kai ma ko ƙarya ba ka iya ba."

Tadrus ya juya wurin Sufeto. "Ɗan Audi, na yafe. Kaya sun dawo. Sake shi."

"Ba kai ka kawo ƙara ba, Ammu. Sai ya je ya ba da bayani, alƙali ya duba. Zan rubuta duk abin da na gani, har da yadda ya adana kayan."

"Majalisa ce ke da magana," in ji Milad a sanyaye. "Zan kira su. Amma motar tana nan tafe, Ammu. Wannan bai canza ba."

Tadrus ya gyaɗa kai. Ya sake duban abokinsa.

"Salihu, shekarun nan duka bakinka bai taɓa gajiya da zagina ba. Ka kasa buɗe shi ka ce mini, Tadrus, kada ka tafi?"

"Namiji ba shi faɗin haka."

"Sai dai ya yi sata."

Malam ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago. "Da na roƙe ka, ka zauna?"

Tadrus ya girgiza kai.

"A'a," ya ce. "Ɗiyata na jirana, kuma idona ya fara mutuwa. Amma da na tafi ina sane akwai wanda ya roƙa."

Osman ya ciro ankwa daga ɗamararsa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya mayar. Ya buɗe ƙofar mota da kansa, ya riƙe hannun malaminsa har ya hau, ya miƙa masa sandarsa.

Motar ta tashi. Sun kusa shan kwana sai Malam Salihu ya leƙo da kai ta taga, ya ɗaga murya iya ƙarfin tsufansa, har mutanen da ke bakin hanya suka waiwayo.

"Tadrus! Kada ka tafi!"

Tsohon na tsaye shi kaɗai a ƙofar kanisa. Ya ɗaga hannu, bai sauke ba har motar ta shige bayan katangar kasuwa.